Motar da Aka Cire wa Tamostat

Abin da zan faɗa a nan a gabana ya faru, kuma da hannuna aka ƙarasa aikin, saboda haka lambobin da za ku gani ba ji na yi ba. Cikin watan Janairu ne, hunturu ya kankama a Abuja, wani direba ya shigo garejinmu da motar maigidansa. 'Yar Jamus ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, injinta silinda shida a kwance can baya, lagireto biyu kuma a gaba, ɗaya a kowace kusurwar bamba. Daga Amurka aka shigo da ita. Ƙorafin guda ɗaya ne: fitilar cek, wadda ke gargaɗin matsalar injin a dashbod, tana kamawa, a kai ta a goge, bayan kwana biyu ko uku ta dawo. Sau huɗu ke nan. A tsakani an canja fulogi shida, an wanke nozul, an sa sabuwar sensar zafi.

"Oga, Alhaji cewa ya yi a kashe masa fitilar nan kawai," in ji direban. "Motar lafiyarta ƙalau, ko zafi ba ta yi."

A bakin direba wannan yabo ne. A kunnen bakanike kuwa, motar da ta yi tafiyar minti ashirin a babban titi ba ta yi zafi ba, ta faɗi ciwonta da bakinta.

Kafin a taɓa komai sai a tambayi yadda fitilar ke kamawa, don ba duka ɗaya ba ne. Idan ruwan ɗorawa ce kuma tana tsaye cak, kwamfutar motar, wadda muke kira birenbos, ta ga wani abu ya fita daga ma'auni, amma ana iya tuƙawa a hankali zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙonewa a cikin katalis, abin nan mai kama da saƙar zuma da yaran gareji ke kira indomi. Nan dole a ɗaga ƙafa daga totur a nemi wurin tsayawa, don 'yan kilomitoci sun isa su narkar da shi, kuma a irin wannan mota guda biyu ne ko fiye. Jar fitilar zafi da jar fitilar baƙin mai kuwa ba a shawara da su, kashe injin ake yi. Ta motar Alhaji tsayayyiya ce, ruwan ɗorawa.

Na hana yaro goge komai. Wannan ita ce ɓarnar farko da aka riƙa yi wa motar. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma lokacin da kwamfuta ta ajiye lambar matsala, tana ajiye hoton halin da injin yake ciki a daidai wannan daƙiƙar: zafin ruwa, zafin iskar da yake shaƙa, gudun mota, juyin injin, minti nawa da tayarwa. Wanda ya goge lamba bai karanta wannan ba ya kori shaida ne kafin a shiga kotu. Dawowar fitilar bayan kwana biyu ma ba abin mamaki ba ne. Yawancin matsaloli irin wannan sai kwamfuta ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila, a tafiyar farko ajiye lambar take yi a matsayin zargi. Idan kuma an gyara da gaske, bayan tafiya uku lafiya fitilar da kanta take mutuwa.

Lambar da sikana, na'urar karanta kwamfutar mota, ta nuna ita ce P0128, ma'anarta ruwan injin bai kai zafin da tamostat, 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi, ya kamata ya riƙe shi ba. Hoton da ke tare da ita: zafin ruwa digiri 68, iskar shiga digiri 24, gudu kilomita 105 a awa, minti 17 da tayarwa. Direban ya tabbatar da cewa kullum da safe suke hawa titin filin jirgi. Injin da ya yi minti 17 yana aiki ya kamata a ce ya wuce 85 tuntuni.

Sai dai lamba ba ta cewa "canja kaza". Alama take faɗa, ba mai laifi ba. P0128 na iya fitowa daga tamostat da ya maƙale a buɗe, ko sensa mai ƙarya, ko fanka da aka haɗa ta kai tsaye tana juyawa tun daga tayarwa, ko ruwa da ya yi ƙasa har sensar ta koma auna iska. Dangin lambar ma suna da yawa kuma ana rikita su. P0117 da P0118 na waya ne ko sensar kanta: idan sikana ta nuna zafin ruwa 40 ƙasa da sifili, waya ce ta tsinke ko soket ya cire, idan ta nuna 130 ko sama alhali injin na sanyi, wayar ta haɗe da bodi. P0116 na nufin sensar na aiki amma maganarta ba ta shiga hankali. P0597 zuwa P0599 na wayar hitar da ke cikin tamostat ne, zan zo kanta. P0217 kuwa shaida ce cewa injin ya taɓa wuce iyakar zafi. Duk lambar da ta fara da P0 ma'anarta ɗaya a kowace mota, amma mai P1 ta kamfani ce, ƙaramar sikana za ta iya kawo maka fassarar wani kamfani daban ta ɓatar da kai.

Muka fara da batir, don motocin nan sun fi zama a rumfa fiye da tafiya, kuma batir mai rauni na haifar da lambobin da ba su da tushe. Cikakken batir volt 12.6 yake nunawa a kashe, idan injin na aiki tsakanin 13.5 da 14.7. Nata lafiya. Muka leƙa wayoyi ko ɓera ya yi aikinsa, shi ma babu.

Sai muka bar ta ta kwana. Gwajin sensa mafi sauƙi ke nan kuma ba ya cin ko kwabo: da safe, kafin a tayar, a buɗe makulli a dubi zafin ruwa da zafin iskar shiga a sikana. Motar da ta kwana a kashe komai nata zafinsa ɗaya da na gari, don haka bai kamata tazarar ta wuce digiri uku zuwa biyar ba. Muka samu 19 da 20. Ga mai son ƙarin tabbaci, ya cire soket ya auna sensar da mita: irin da aka fi samu a motocin Turai tana ba da juriyar wuta ta kusan om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80, wato tana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Sabuwar da aka sa daidai take. Tsohuwar da direban ya ciro daga but a cikin leda, ita ma da muka auna, lafiyarta lau. An sayi sensa a banza.

Allurar zafi ta dashbod fa? A yawancin motocin zamani an koya mata ladabi. Daga wajen 75 ko 80 har sama da 100 a wuri guda take tsayawa, don kada mai mota ya riƙa firgita. Ba ta motsi sai abu ya yi nisa. A motar Amurka kuma lambobin jikin agogon ma'aunin Faranhait ne, inda 176 ke daidai da 80 namu. Sikana ake kallo.

Muka tayar da ita a silo, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, muka nuna bindigar auna zafi kan bututun da ke kai ruwa gaba wajen lagireto. A mota mai lafiya wannan bututun yana nan da sanyinsa yayin da injin ke hawa 50, 60, 70, sai tamostat ya buɗe sannan ya ɗauki zafi farat ɗaya cikin ƙasa da minti. A wannan motar, tun injin na 35 bututun ya fara ɗumi, suna hawa tare kamar an ɗaure su. Ruwa na zagayawa lagireto tun daga farko ke nan. Babu abin da ke tare shi.

Da muka kwance gidan tamostat sai muka ga dalili. Ba maƙalewa ya yi ba. An fasa shi an zare cikinsa, an mayar da fanko, an shafe bakin da gam, an kuma mayar da soket ɗin hitar a wurinsa don kada kwamfuta ta yi ƙorafin waya. Aikin wanda ya san abin da yake ɓoyewa ne.

Nan direban ya tuna. A bazarar da ta wuce, cikin gosulon Nyanya, jar fitila ta taɓa kamawa. Aka kai ta wani gareji, aka ce masa tamostat na ƙasar sanyi ne, mu nan zafinmu ya ishe mu, aka cire.

Wannan magana ta yi shekaru tana yawo daga Apo zuwa Ƙofar Ruwa, kuma na san inda ta samo ƙarfi: a tsofaffin motoci masu kafireta ana cirewa a ga kamar an samu sauƙi. Amma aikin tamostat ba kare mota daga ƙanƙara ba ne. Riƙe injin yake yi a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. A cikinsa akwai ɗan kwanso cike da kakin da ke narkewa a wani zafi da aka ƙayyade, idan ya narke sai ya kumbura ya tura sanda, sanda ta buɗe ƙofar lagireto. Idan ruwa ya huce sifirin ya mayar da ƙofar. Ratar da ke tsakanin fistin da silinda, kaurin baƙin mai, yawan fetur da nozul ke fesawa, duk an lissafa su ne a kan injin mai zafin 90 ko sama. Injin da ke yawo a 68 yana cin mai fiye da ƙima, kuma baƙin mansa ba ya yin zafin da zai kori tururin ruwa da ɗigon fetur da ke gangarowa ta gefen ringi. Na zaro ɗan baƙin man motar na miƙa wa direban ya shinshina. Warin fetur ne tsagwaronsa.

Akwai kuma abin da masu cirewa ba sa lura da shi. Tamostat na irin waɗannan injina ƙofa biyu gare shi. Yayin da yake buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin kai tsaye lokacin ɗumama. Idan aka zare shi, hanyoyin biyu suna buɗe, ruwa kuma sauƙi yake bi. A motar da lagiretonta ke nesa da injin da tsawon mota guda, kamar tsarin Porsche 911 tun da ta koma sanyaya injin da ruwa a samfurin 996 cikin 1997, ko Boxster da Cayman masu injin a tsakiya, wani kaso mai yawa zai riƙa juyawa a gajeriyar hanya bai je gaba ba. Sai ka samu mota tana sanyi fiye da ƙima a buɗaɗɗen titi da safe, ranar da aka matsa mata a hawan tudu da rana tsaka kuma ta yi zafi. Ciwo biyu daga magani ɗaya.

Game da hitar da na ambata: tun shekarun 1990 kamfanonin Jamus suka fara sa tamostat mai waya. Kakinsa da kansa ba ya buɗewa sai wajen digiri 100 zuwa 105, saboda a tafiyar hankali injin mai zafi ya fi tsimin mai. Da zarar an taka totur sosai, ko gari ya yi zafi ƙwarai, kwamfuta na tura wuta cikin 'yar hitar da ke jikin kakin ta narkar da shi da wuri, zafin ya sauko wajen 85 zuwa 90. Don haka ganin 103 a sikana a kan irin wannan mota ba ofahitin ba ne, wato ba zafi fiye da ƙima ba ne, kuma da yawa an cire tamostat mai lafiya saboda wannan rashin sani. Hitar ana auna ta da mita, galibi om goma sha wani abu take bayarwa, idan mita ta nuna babu haɗi ta ƙone. Tsohon gwajin tukunya, inda ake rataye tamostat da zare cikin ruwa ba tare da ya taɓa gindin tukunyar ba, a ga ya fara buɗewa a lambar da aka buga a jikinsa ya gama buɗewa da kamar milimita 8 bayan digiri goma zuwa sha biyar, yana aiki ga na gargajiya mai 82 ko 87. Ga mai waya ba ya aiki, domin ruwa zalla a tukunya ba ya wuce 100, a Abuja ma bai cika kaiwa ba saboda tudu. Kuma kada a jona masa batir yana a bushe a kan tebur, kakin zai lalace.

To, mun gano abin da ya kunna fitila. Saura tambayar da garejin farko ya tsallake: me ya sa ta yi zafi a gosulo tun asali? Da mun sa sabon tamostat mun sallame ta, da watan Maris jar fitila ta dawo, a ce ai ga shi, tamostat ne.

Muka sauke bamba. A gaban kowane lagireto akwai kwandensa na na'urar sanyaya ɗaki, tsakaninsu 'yar rata da ba a gani daga waje. Ana kwance kusoshin kwandensa a ɗan janye shi gefe ba tare da an buɗe bututun gas ba. Abin da muka kwaso daga kusurwoyin biyu ya kusa cika bokitin fenti: ledar fiya wata, busasshen ganye, gashin tsuntsu, guntun sigari, duk ƙurar hunturu ta dama su da ruwan damina sun zama kamar tubali. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar kowane lagireto a toshe yake. Motocin nan ƙasa-ƙasa suke, bakin bambarsu shara yake kwasa kamar tsintsiya, kuma wannan dattin idan ya daɗe yana riƙe danshi ya cinye alminiyon har ya huda. Wankinsa daga baya zuwa gaba ake yi da ruwa marar ƙarfi. Injin wankin mota mai matsi yana kwantar da siraran fuka-fukan, ya toshe abin da aka zo buɗewa.

Fankar hagu kuma ba ta tashi ko da muka umarce ta da sikana. Fis lafiya, wuta na isowa soket, amma injin lantarkin fankar ya cije, ko da hannu ba ya juyawa. A guje iska na shiga da kanta, a gosulo kuwa fanka ce kaɗai mai ceto. Rabin lagireto a toshe, rabin fanka a mace: laifin da aka ɗora wa tamostat ke nan.

Tunda injin ya taɓa ganin jar fitila, ba mu rufe ba sai da muka tabbatar bai ji ciwo ba. Muka sa famfon gwaji a bakin tankin ruwa, muka matsa daidai lambar da ke kan murfin, aka bar shi minti goma sha biyar, allura ba ta sauka ba. Murfin shi ma an gwada shi, don ƙarfinsa ne ke ɗaga matakin tafasa: haɗin rabi da rabi yana tafasa wajen 107 a buɗe, amma da matsin da ya kai bar ɗaya a ma'auni sai ya kusa 129. Murfi mai yoyo kaɗai ya isa ya sa mota amai. Sai gwajin shuɗin ruwa, wanda ake zuƙo iskar saman tankin ta cikinsa. Idan gasket ɗin kan silinda ya ƙone hayaƙin silinda na shiga ruwa, shuɗin zai koma ruwan ɗorawa. Bai canja ba. Alhaji ya tsallake rijiya da baya. Famfon ruwa ma mun duba, babu girgiza a sandarsa, babu busasshen farin tabo a ramin yoyonsa, fuka-fukansa na roba duk suna nan. Idan ɗaya ya karye dole a nemo gutsuren, don yana iya zuwa ya toshe wata siririyar hanya a kan silinda.

Wajen haɗawa, sabon tamostat da gidansa da sabuwar robar baki, babu gam. An kankare tsohon gam tas, don gutsurensa ma toshe hanya yake yi. Ƙananan kusoshin da ke shiga alminiyon da ma'aunin ɗauri ake ɗaure su, wajen niyuta-mita 10, ba da ƙarfin dantse ba. Ruwan da muka zubar jan tsatsa ne, alamar ruwan burtsatse aka riƙa ƙarawa. Sai da muka ɗauraye sau biyu kafin ya fito fari. Abin da ya koma ciki kulan ne, wato ruwan sanyaya injin, irin wanda littafin motar ya ambata, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Launi ba ya nuna iri, kuma haɗa iri biyu na iya yin kauri kamar koko.

Cikawar ita ce inda ake yawan faɗuwa. Mota mai injin a baya da lagireto a gaba tana ɗaukar sama da lita 20, bututunta na hawa da sauka a ƙarƙashin bodi, kuma zubawa da mazurari na barin iska a maƙale. Alamarta allura ta riƙa hawa da sauka, hitar ɗaki ta busa sanyi, ruwa ya ragu washegari. Da na'urar zuƙe iska muke cikawa: a zuƙe har tiyo su shafe, allura ta kai wajen bar 0.8 ƙasa da sifili, a rufe a jira minti biyu a ga ko za ta koma, wanda shi ma gwajin yoyo ne, sannan a buɗe bakin da ke nutse cikin jarkar kulan ya shige da kansa. Bayan nan muka canja baƙin mai da filta.

Sai a lokacin muka goge lambar. Washegari da safe muka hau titin filin jirgi da sikana a cinyar yaro. Cikin minti takwas ruwa ya kai 88, ya ci gaba ya zauna tsakanin 98 da 104. Da aka taka ta da ƙarfi ya sauko 89, alamar hitar na amsa umarni. Da azahar muka shiga cunkoson AYA da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, fankoki biyu suna tashi suna kwanciya, bai wuce 105 ba. Mun riƙe ta kwana uku har gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta suka nuna sun kammala, babu lamba ko ta zargi.

Da Alhaji ya zo ɗauka da kansa, na ajiye masa fankon tamostat ɗin da bokitin dattin a gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk ƙarshen hunturu a kawo ta a sauke bamba a share, kafin zafin Maris. In kuma jar fitila ta taɓa kamawa, a kashe sanyi, a kunna hita har ƙarshe, a tsaya a kashe injin, kada a taɓa murfin sai ta huce aƙalla minti arba'in da biyar, kada kuma a watsa mata ruwan sanyi." Ya juya fankon a hannunsa, ya tambayi nawa aka caje shi kuɗin cirewa. Direban ya sunkuyar da kai ya ce har da kuɗin gam.